Inuwar da ta hana Ummi numfashi

Da sunan Allah nake farawa, kuma ba don na gwanance da rubutu ba. Maƙwabciyata ce ta ishe ni, ta ce tunda bakina ba ya gajiya da labarin ciwon Ummi a bakin famfo da gidajen suna, gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya kowa ya huta. To ga shi. Duk uwar da ɗanta ke fara atishawa da zarar bazara ta kama, ta daure ta karanta har ƙarshe, domin ni sai da na ga ɗiyata ta kasa numfashi kafin na san abin da ke cin ta.

Sunana Zainabu, a Dogon Dutsi nake aure, kayan miya nake sayarwa a ƙofar gida. Maigidana direban motar haya ne, yau yana Doso gobe yana Ƙonni, saboda haka yawancin kwanaki gidan daga ni sai mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, sai ɗiyarmu guda. Sunan Inna aka sa wa yarinyar. Ni kuwa ba ni da bakin kiran sunan surukata, sai na laƙaba mata Ummi, ita kuma Inna takwara take ce mata. Tun da aka yaye ta ɗakin Inna ta koma, ni dai haihuwa kawai na yi.

A tsakar gidanmu akwai dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya. Ba ƙaramin itace ba ne, rassansa sun rufe ɗakin Inna gaba ɗaya har sun leƙa gidan maƙwabta. Marigayi Malam, mijin Inna, shi ya dasa shi shekarar da ya gina gidan, kuma an ce a kansa yake ɗauko ruwa daga rijiya yana ba shi har ya kama. Ni ban tarar da Malam ba, amma na tarar da itacensa. A gindinsa Inna take wuni, nan take salla, nan take ɓarar gyaɗa, nan take zubar da ruwan alwalarta don kada ya tafi a banza. Ɗakinta rufin kwano ne, ga ta da hawan jini, in ba don inuwar nan ba da bazara ba za ta iya zama a cikinsa ba.

Shekaru biyu kafin abin ya yi tsanani, Ummi takan yi atishawa da yoyon hanci idan zafi ya shigo. Mura muke cewa. Har dariya nake mata, in ce ke kam komai naki a juye yake, mutane na mura da sanyi ke kina yi da zafi. Ruwan farko na sauka sai ta warware, mu manta.

Bara, tana shekara bakwai, abin bai zo da wasa ba. Makon farko da safe take farawa, atishawa a jere har sai hawaye sun zubo, idanu jawur, tana murza su har fatar ta kumbura. Ta ce maƙogwaronta na mata ƙaiƙayi daga ciki, ta riƙa tura harshe tana kakari. Babu zazzaɓi ko kaɗan. Inna ta taɓa goshinta ta ce, "Zahi na, ba komi ba. Hiddo ta daga ɗakin ga, kawo ta inuwa ta sha iska." Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin itacen. Lokacin ya yi fure, 'yan ƙanana farare masu ƙamshi, suna zubowa kan tabarma sai an riƙa kakkaɓewa. Inna ta karyo reshe tana mata fifita da shi, da yamma ta dafa ganyen ta yi mata wanka da surace. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san haka ake yi. Zazzaɓi, ƙyanda, ƙuraje, dogon yaro ake nema, ni ma da shi aka raine ni.

Mako na biyu tari ya shigo, busasshe, ba ya fitar da komai. Sai na fara jin wani ɗan fito a ƙirjinta idan ta fitar da numfashi. Na hana ta zuwa lakwal, wato makarantar boko, na goya ta duk da ƙafafunta na kai mini gwiwa, muka tafi wani ɗan asibiti da ke kusa da mu. Wanda bai taɓa bin layin asibiti da bazara ba bai san wahala ba. Lokacin ƙyanda ne da sanƙarau, mata zube a ƙasa da yara a cinya, kowa na ganin nasa ya fi na kowa. Tun hantsi muke nan har rana ta take. Ba na ganin laifin ma'aikatan, su kaɗan ne mu kuwa ba iyaka, amma a ranar na yi masifa har wata tsohuwa ta ja mini zane ta ce in zauna. Da muka shiga aka soki yatsanta, aka ce babu zazzaɓin sauro, aka rubuta mana ruwan maganin tari. Na saya, ta shanye kwalba guda, tarin ko gezau.

Daga nan fa masu shawara suka buɗe. Wannan ta ce zuma da lemun tsami, waccan ta ce man shanu a hanci, wata ta ce na bar ta tana shan ruwan ƙanƙara a lakwal shi ya sa. Kowa likita ne idan ɗan wani ne a kwance. Na yi duk abin da aka ce, har wanda ban yarda da shi ba, don idan ɗanka na fama ko karen gida ya ba ka shawara sai ka tsaya ka ji. Jarin kayan miyana ya narke a hanyar farmasi wajen sayen magani, na bi da tunkiyata.

A mako na uku ƙanwar Inna, Goggo Tani, ta zo daga ƙauyensu can wajen Lugu. Mace ce mai kirki, kaza ta riƙo mana da ƙullin kuka, kuma ta san abubuwan gargajiya kamar yadda mutanen wajensu suka sani. Ta zauna ta dubi Ummi ta tambaye ni yaushe abin ya fara. Na ce shekara uku ke nan, kullum da bazara. Ta gyaɗa kai.

"Ciwon da ya san watanshi ba ciwon asibiti ba na," in ji ta. "Mai zuwa duk shekara lokaci guda, akwai abin da yake biɗa. Iska na."

Inna ta ce, "A gidan ga? Ba mu da tsamiya, ba mu da kuka. Dogon yaro ɗai na, shi ko iska ba su zama bisanshi. Iccen magani na."

Goggo ta yarda da hakan. Ni ma na yarda. Mu uku muna zaune a ƙarƙashinsa, furensa na sauka a kan kallabinmu, muka wanke shi tas daga zargi.

Goggo ta ce a yi turare. Bayan azahar aka shigar da Ummi ɗaki, aka rufe ƙofa, aka zuba garin sassaƙe a garwashi, aka lulluɓe ta da zane ita da kaskon. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin tarinta. Can sai tarin ya tsaya. Goggo ta ce, "Kin ji, ya hwara sakinta." Ban san abin da ya ture ni ba, na banka ƙofar na yaye zanen. Ummi na durƙushe, bakinta buɗe, ramin wuyanta na lotsawa ciki duk lokacin da ta ja, haƙarƙarinta a fili ana iya gani. Tana kallona tana son ta ce Mama, babu numfashin da za ta faɗa da shi.

Ban ɗauki takalmi ba. Na fito titi da ita a kafaɗa ina ihu, wani mai kabu-kabu, wato babur ɗin haya, ya sauke fasinjansa ya ɗauke mu, har yau ban san sunansa ba, Allah ya biya shi. A babban asibiti ba su bar mu a layi ba. Suka ɗora mata wani abu a hanci da baki yana fitar da tururi, suka yi mata allura. Ina riƙe da ƙafarta ina karanta duk abin da ya zo bakina, har na ga kafaɗunta sun sauka. Kwana biyu a can ta zama mutum, ta ci tuwo, har ta nemi a kira mata Inna. Aka ce fuka ce, aka ba mu ɗan famfon da ake shaƙa, aka sallame mu.

Muka dawo gida, Inna ta tarbe ta da kuka, ta kwantar da ita a wurin da ya fi ko'ina daraja a gidan, wato gindin itacen. Kafin la'asar idanu sun yi ja, kafin magariba fiton ya dawo. Goggo ta tafa hannu ta ce, "Kun gani? Can ta warke, nan ta hwaɗi. Abin cikin gidan ga yake." Gaskiya ta faɗa, sai dai ba abin da take nufi ba ne.

Makon nan na huɗu shi ne wanda ba na son tunawa. Famfon na taimaka mata na ɗan lokaci, sai abin ya sake dawowa. Ta rame, ta daina wasa, ba ta iya kwanciya sai a jingine da bango. Ni kuma na daina girki, na daina wanka, zaune kawai nake ina kallon ƙirjinta na hawa da sauka. Na kira ubanta a waya na ce masa ya bar motar nan ya zo, in kuwa ya tsaya neman fasinja to gawa zai tarar. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na riga na fid da rai, wallahi, har na fara tunanin wane zane za a rufe ta da shi.

Da ya zo muka mayar da ita asibiti. A wannan karon wani likita muka samu, saurayi ne, mai yawan tambaya har ya fara ba ni haushi. Ya ce in cire mata riga zai saurari bayanta. Ina ɗaga rigar, sai 'yan fararen furanni suka zubo a kan gadon, wasu kuma maƙale a kitsonta. Ya tsinci ɗaya ya duba.

"Madam, ina take kwanciya?"

Na ce a inuwar dogon yaro, saboda zafi.

"Kullum? Kuma wane lokaci ciwon ke tashi a shekara?"

Na ce da bazara, idan ruwa ya sauka ya lafa.

"Wane lokaci itacen naku ke fure?"

Na ce da bazara. Ya ce mini sunan abin alerji. Ya ce furen yana sakin wani gari da ido ba ya gani sosai, yawancin mutane su shaƙa ba abin da zai same su, amma akwai jikin da ke ɗaukarsa a matsayin abokin gaba, sai hanci da ido da hanyar numfashi su kumbura. Ya ce ba zai rantse cewa itacen ne ba sai an yi gwaji a Yamai, amma akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: mu raba ta da shi mu gani. Hayaƙi kuwa, kowane iri, ya ce kada ya sake kusantar ta. Sai ya faɗi maganar da ta zauna mini har yau: "Wannan ba ciwon da ake kashewa ba ne, ciwon da ake kauce wa ne."

Yayana yana da sabon gida a bakin gari, fili ne fetal, ko tsiro babu. Can muka wuce kai tsaye. Zafi kamar a gasa gurasa, amma a kwana na uku Ummi ta kwanta a kan bayanta ta yi barci ba fito. Na zauna ina kallon ta ina kuka, rabi godiya rabi takaici. Wata guda muna ɗaukar yarinya muna kai ta bakin abin da ke shaƙe ta, muna mata fifita da shi, muna dafa mata shi.

Na ce wa ubanta a sare itacen. Ya dube ni kamar na zage shi.

"In sare iccen babana? Ke kin san abin da kike hwaɗi? Inna hwa, ina za ta zamna?"

Na ce, "To ɗiyarka ina za ta zauna?"

Ya ce ai garin duka dogon yaro ne, ko an sare namu na maƙwabta na nan. Na ce likita ma ya faɗi haka, amma ya ce wucewa ta gefensa daban, kwana a ƙarƙashinsa daban. Ya ce in yi haƙuri damina ta kusa. Na ce baɗi fa? Ya ɗauki makullin mota ya fita. Da aka gaya wa Inna maganar likita, cewa ta yi yaron bai san dogon yaro ba, ta juya ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. A unguwa kuwa magana ta fita cewa matar ɗa ta ɗauke jika ta bar tsohuwa ita kaɗai, yanzu kuma inuwarta take nema ta raba ta da ita.

Ummi ba ta san duk wannan ba, ita dai Innarta take so. Kullum kuka, ta ƙi cin abinci sai an kai ta. Ranar wata Juma'a ubanta ya ce ta warke, bari ya kai ta su gaisa su dawo. Na bi su don raina bai kwanta ba. Inna na ganin ta ta jawo ta cinya a wurin zamanta na kullum, tana tsokanar ta wai takwara ta gudu ta bar ta da aiki. Na ce, "Inna, mu shiga ɗaki." Ta ce, "Yanzu za ku tahi, bar ta ta sha inuwa." Na ƙyale ta, don a gaban mijina ba zan ja da uwarsa ba.

Ba a ɗauki lokaci ba. Atishawa, tari, sai fiton. Na zaro famfon na ba ta, bai kama ba, na sake, bai kama ba. A cinyar Inna ta sandare, idanunta suka juya, leɓenta ya yi baƙi. Inna na girgiza ta tana cewa, "Takwara! Takwara, dube ni!" Ni kuwa na manta da kunya, na manta da surukuta, na ƙwace ta ina cewa kun kashe mini ita, kun huta. Ubanta ya tuƙa motar kamar mahaukaci. Duk hanyar bakina na kunnenta ina roƙon ta ta ja ko sau ɗaya, ina roƙon Allah ya ɗauki nawa ya ba ta. Ranar sai da likitoci biyu suka tsaya a kanta, kuma sai bayan sallar la'asar ɗayan ya juyo ya ce mana ta dawo.

Inna ba ta zo asibiti ba. Na ɗauka fushi take da maganar da na faɗa, ni ma na ce ta yi ta yi. Ashe tun washegari ta sa maƙwabcinmu ya raka ta wurin ma'aikatan gandun daji ta karɓo izini, don a nan ba a sare itace haka kawai. Ranar da aka sallame mu muka biya gida ɗaukar kaya, na bar Ummi a mota da gilashi a rufe. Na tarar da masu saran itace biyu a tsakar gida, mata sun cika ƙofa suna kallo. Inna ta ce a miƙo mata gatarin. Da ƙyar ta ɗaga shi, saran nata ko ɓawon bai gama ratsawa ba. Ta juyo ta dubi matan.

"Kun gani da idonku. Ni na hwara. Kada gobe in ji an ce matar ɗana ta sare iccen Malam."

Ta miƙa musu gatarin ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Har itacen ya faɗi ba ta fito ba. Mijina ya tsaya a jikin bango yana share fuska da hularsa.

Bana bazara ta zo ta same mu a shirye. Tun kafin itatuwan unguwa su fara fure na koma wurin likita ya ba ta maganin da take sha kullum har ruwa ya sauka. Famfo ɗaya na jakarta ta lakwal, malaminsu ya san da shi, ɗaya na ɗaure a bakin zanena. Idan ta dawo daga waje sai ta wanke fuska da hanci ta sauya riga. Ba na shanya kayanta kusa da katangar maƙwabta, turare kuwa ko na ƙamshi ya bar gidanmu. Takan yi atishawa, idonta kan yi ja, amma ba mu kwana asibiti ba ko sau ɗaya. Alhamdu lillahi. Abin da nake roƙon iyaye shi ne, idan ciwo ya san watansa, ku ɗaga kai ku dubi abin da ke fure a watan, ku faɗa wa likita. Idan kuma kun ji fito a ƙirjin yaro, kada ku rufe shi da hayaƙi, ku ruga asibiti. Ni ba mai ilimi ba ce, abin da na gani nake faɗa.

Amma ba zan ɓoye ba, gidanmu ya zama tanda. Mun yi wa Inna rumfar zana, ba ta kama ƙafar abin da ta rasa ba. Da rana takan bi 'yar inuwar bango tana jan tabarmarta, jininta ya hau sau da yawa bana, kuma ba ta taɓa buɗe baki ta ce saboda kaza ne ba. Na durƙusa na ba ta haƙuri kan maganar da na faɗa ranar Juma'ar nan, ta ce ba ta ji ba, ita ma a lokacin ba ta cikin hankalinta.

Dogon yaro kuwa ba ya mutuwa da sara ɗaya. Kututturen na nan, kuma hannun Inna ya saba, har yau a gindinsa take zubar da ruwan alwala. Sai ya riƙa tofo, 'yan ganye jajaye masu taushi. Duk safiya takan sunkuya ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta tsinke da farcenta, ba ta yarda kowa ya taya ta.

Shekaranjiya Ummi ta tsaya a kanta da jakar lakwal a baya, ta ce, "Inna, ke kike ba shi ruwa, kuma ke kike tsinke shi. Ba ki son shi ne?"

Inna ba ta ɗago ba. Ta tsinke na ƙarshe ta riƙe shi a tafin hannu.

"Ina son shi, takwara. Shi ya yi nashi numfashin. Wuce lakwal, ki yi naki."